Daga Tsaki zuwa Garau: Tarihin Tele a Gidanmu

Ran jajibirin sallar layya ta bara yayana ya shigo gida bisa kabu-kabu, rungume da wani faffaɗan kwali kamar mai ɗauke da jinjiri. Tele ce sabuwa, pus 43, irin wadda ake liƙawa a bango. Wata bakwai ya yi yana zubin adashi kafin ya tara jikka ɗari da talatin ya sayo ta a babbar kasuwar Maraɗi. Jikin kwalin an rubuta HD da manyan baƙaƙe. Tsohuwar telenmu, wadda ta girme ni da shekara biyu, aka sauke ta daga tebur aka kai ta zaure, aka aza mata buhun gawayi.

Kwana uku bayan haka kakata, Inna, ta ce a saka mata kaset ɗinta. Kaset ne na manyeto, baƙi, an rubuta "kokowa" da bik a jikin takardarsa. Wani maƙwabcinmu ma'aikaci ne ya naɗe shi daga Télé Sahel a farkon shekarun 1990, lokacin kokowar neman takobi. Cikin awa uku na kaset ɗin akwai wuri guda, bai kai minti ɗaya ba, inda kamara ta juya gefen fili ta kama wani dattijo yana ɗaura wa ɗan kokowar Maraɗi laya a dantse. Dattijon nan kakana ne. Ya rasu kafin a haife ni, aka sa mini sunansa, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba sai dai "Maigida", Baba kuwa ya ce mini "Babana". In ka ɗebe ɗan hoton katin ɗan ƙasa da ya koɗe, wannan minti guda shi ne abin da ya rage mana na kamanninsa. Kowace sallar layya Inna takan kalle shi sau ɗaya, ta yi masa addu'a, a mayar da kaset cikin kwalla.

Da ƙyar muka haɗa manyeto da sabuwar tele. Hoto ya fito ya cika bango. Da aka kai wurin muka yi tsit. Inna ta matso, ta ja baya, ta karkata kai, sannan ta ce da Gobirancinta na Tsibiri:

"Maigida, wanga ba shi na ba."

"Shi ne mana, Inna. Ga layar nan a hannunsa."

"Ni za ka gaya ma mutumen da na zamna da shi shekara talatin da huɗu? Dogo na, siriri kamar kara. Wanga gajere na, ga ƙiba, huskar kamar an goge ta da tsumma. Ku maido min tawa."

Muka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don Inna ta tashi ta shige ɗaki ba tare da ta yi addu'ar da ta saba ba. Yayana ya yi zugum yana kallon kuɗin adashinsa a bango.

Ni ilimin harshe nake karantawa a jami'ar Yamai, ban san kan waya ba. Amma maganar Inna ta hana ni sakat. Na zauna da Baba, na zauna da wani tsohon mai gyaran tele na unguwarmu, na karanta abin da na samu. Ga abin da na tattaro.

Akwatin da ya fara da lakwal

Da yawa daga cikinmu muna tsammanin tele ta shigo Nijar don labarai da nishaɗi. Aji ta fara shiga. A 1964, shekara huɗu bayan samun ƴancin kai, zamanin shugaba Diori Hamani, aka buɗe shirin telebijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Ƙasa ba ta da isassun malamai, yaran da ke zuwa lakwal kuwa ƴan ƙalilan ne. Dabarar ita ce a tara ƙwararru kaɗan wuri guda su shirya darasi, akwati ya kai shi azuzuwa. A cikin aji kuma a sa mai kula wanda bai yi doguwar makarantar malanta ba, ya kunna, ya maimaita da yara, ya kashe. Zagayen farko ya ƙunshi makarantu kimanin ashirin a Yamai da ƙauyukan kewayenta, da yara wajen 800. Hoton baƙi da fari ne. Inda babu kuran da batir ake kunnawa, daga baya har aka gwada faifan hasken rana a wasu makarantun, tun kalmar "panno" ba ta shiga bakin kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne harshen akwatin. Faransanci kaɗai yake ji. Yaro ya baro gida da Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci, ya zauna gaban gilashi, gilashi ya yi masa magana da harshen da uwarsa ba ta sani ba. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a Damagaram. Ke nan tele ta riga harshenmu shiga ajin boko da shekara tara. Tun ranar farko, akwati baƙo ne da ya zo da maganarsa, mu ne aka ce mu koya.

Gidan samariya

An kafa ofishin radiyo da telebijin na ƙasa, ORTN, a 1967, amma telen jama'a ba ta kankama ba sai 1979, zamanin Seyni Kountché, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa. Ita ce Télé Sahel. Baba ya ce a farko ba kullum take buɗewa ba, kuma sai rana ta faɗi. A yi taken ƙasa, a yi shirye-shirye, dare bai raba ba a rufe, gilashi ya koma tsaki. Haka ake ce masa a gidanmu, wancan ɗige-ɗigen baƙi da fari mai shuuu da ke cika gilashi in babu tasha, don ya yi kama da tsakin gero a faifai.

Mutum nawa ke da kuɗin akwati a lokacin? Gwamnati ta rarraba wasu a gidajen samariya da dandalin ƙauyuka, wasu da faifan rana. A gidan samariyar unguwarsu Baba ya fara ganin tele, yana ɗan shekara goma sha biyu. Akwai mai mabuɗi guda, shi ke fiddo ta ya aza bisa tebur mai tsawo. Yara a ƙasa gaba, samari a tsaye baya, mata can gefe, masu gyaɗa da rake a bakin ƙofa. Ya ce in ka makara, daga inda za ka tsaya akwatin bai fi tafin hannu ba.

Mulkin soja ya san abin da yake so da ita: a ga shugaba yana rangadi, a ga an buɗe rijiya, a ji jawabi. Labaran Faransanci su ke da lokaci mai tsoka, na harsunan ƙasa a ba su nasu gurbin. Jama'a kuwa suka zaɓi nasu. Kokowar ƙasa an fara ta a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Bikin matasa na ƙasa an fara shi a Damagaram a 1976. Da tele ta zo sai ta iske waɗannan biyun a tsaye, ta ɗauke su ta kai wa wanda bai taɓa fita garinsu ba. Ga kuma wasan kwaikwayon Yazi Dogo da abokansa, da Hausa tsantsa, wanda har yau in Baba ya tuna wani wuri sai ya yi dariya shi kaɗai.

Na tambaye shi, "Baba, hoton yana fita sosai?"

Ya ce, "Ina fa, Babana. Inuwa biyu kake hange suna riƙe da juna. Amma kowa ya san wane ne wane. Da tsayuwarsa kake gane shi, da kiɗan da aka yi masa, da abin da mai sharhi ya faɗa."

Wato kunne ke cika abin da ido ya rasa, taro kuma ya cika sauran. In an yi kaye, ihun ƴan gaba ne ke gaya wa ƴan baya.

Iyaka a cikin akwati

Nan ne tarihin ya fi yi mini daɗi, don ya shafi mu ƴan bakin iyaka. Turawa ba su yi shiri ba a kan yadda za a sa launi cikin hoto. Faransa ta fito da tsarinta, SECAM, Jamus ta Yamma ta fito da PAL, Ingila ta bi PAL, duka suka fara watsa kala a 1967. Yawancin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka sun bi sawun wadda ta mulke su. Nijar ta ɗauki SECAM. Najeriya, wadda ta riga mu da tashar Ibadan tun 1959 da ta Kaduna a 1962, ta ɗauki PAL. Layin da aka ja tsakanin Maraɗi da Katsina a bisa taswira sai ga shi an sake jan shi a cikin akwati.

Mai gyaran unguwarmu ya bayyana mini abin a sauƙaƙe. Tsarin biyu layi 625 suke zanawa a gilashi, don haka hoto na fita. Amma yadda suke ɗauke da launi daban ne, inda suke ajiye murya ma daban. Mutum ya tafi Kano ko Jibiya ya sayo tele mai arha, ya sha fama da duwan, ya iso gida ya kunna: Télé Sahel ta fito ba launi, mutane na motsa baki ba a jin komai sai shuuu. Washegari sai ga shi a rumfar mai gyara. Ya ce da wannan aikin na "juya murya" ya yi aurensa na farko. Daga baya akwatunan Japan masu karɓar tsari duka biyu suka cika kasuwa, waɗansu alhazai ne ke shigowa da su daga Makka. Su yake kira "masu harshe biyu", ya ce kamar mutanen Maraɗi ne, a yi ciniki da sefa a ba da canji da naira.

Katsina ba ta kai kilomita ɗari ba daga nan. Bayan ta zama jiha a 1987, duk mai dogon anteni yana iya kama tashoshinta. Sai gari ya cika da bututun ƙarfe da gora masu tsawo, kowane gida da yaron da aikinsa juya anteni. Yayana ya yi wannan aikin, ni ma na taɓa kaɗan. Kana waje riƙe da ƙarfe, ana yi maka ihu daga ciki:

"Juya! Ƙara! Ya wuce, komo baya! Tsaya nan, kar ka motsa!"

Ta wannan ƙarfen Samanja da Karkuzu suka shigo gidajenmu ba fasfo. Da su kalmomi suka shigo. Su can suna cewa "talabijin", mu muna cewa "tele", kowa da bakin Baturen da ya ara. Sunan Samanja kansa muƙamin sojan Ingila ne da Hausa ta tanƙwara. Mun ji Hausar da ke da "ofis" da "makaranta" inda mu ke da "biro" da "lakwal", muka gane duk abu guda ne. Abin da injiniyoyin Turai suka raba, yaro mai juya anteni ya haɗa shi.

Manyeto, faifai, parabol

A 1976 aka fito da kaset ɗin VHS a Japan. Kafin ya zama ruwan dare a nan sai da aka shiga shekarun 1990. Finafinan Indiya da na Sin ne suka fara cika gidajen kallo na unguwa, inda yaro ke biyan dala biyar ya zauna bisa benci. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, kafin ƙarshen shekarun nan kuwa fim ɗin Hausa ya mamaye ko'ina, har wanda bai da tele ya san Sangaya. Manyeto ya kawo wani abu da ba a taɓa yi ba: mutum na iya riƙe abin da ya wuce a gilashi. Da, in kokowa ta wuce ta wuce. Yanzu maƙwabci na iya danna jan maɓalli ya kama kakana yana ɗaura laya.

Bayan taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga kafofi masu zaman kansu. Ténéré ta fara tele a 2000, gwamnati ta ƙara tasha ta biyu, Tal TV, a 2001, Dounia ta zo a 2007, wasu suka biyo. Parabol ya sauko daga gidajen alhazai ya hau rufin talaka, da dekoda mai arha. A 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana, matan gidanmu suka koma ƴan garin Daɗin Kowa.

Akwai abin lura a nan. Lokacin da faifan CD na bidiyo ya kori kaset, hoton bai ƙaru da komai ba. Ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, ƙasa da abin da tasha ke watsawa, ga shi in faifai ya karce sai fuska ta farfashe. Ban taɓa jin wanda ya mayar da fim don wannan ba. Shekara arba'in mutanenmu na zaɓen abin kallo da kunne: wane harshe yake yi, wa ke ciki, labarin wa ake bayarwa. Kyan hoto bai shiga lissafi ba sai da masu sayar da tele suka shigo da shi.

Mi ne ne HD ɗin?

Ku ɗauki hoton tele kamar saƙar tabarma. In kaba ta yi kauri zanen zai fito, amma da gefe-gefe. In ta yi siriri zanen zai fito sumul. Tsohon tsari, cikin layi 625 ɗin nan 576 ne ido ke gani, kuma in an mayar da shi lissafin ɗigo ya zama 720 sau 576, wato 414,720. Cikakken HD kuwa 1920 ne sau 1080, wato 2,073,600. Ninki biyar cif. Siffar gilashin ma ta sauya. Tsohuwar tele faɗi huɗu ce tsawo uku, sabuwar faɗi goma sha shida tsawo tara.

Abin da mai kanti bai gaya wa yayana ba shi ne tele ba ta ƙirƙirar ɗigo. Abin da aka ba ta shi take shimfiɗawa. Hoto sarƙa ce: kamarar da ta ɗauka, tashar da ta shirya, hanyar da aka aiko shi, dekoda, waya, sannan gilashi. In ɗaya ya gaza, duka sun gaza. Dekodarmu tsohuwa ce mai waya uku, ja da fara da ɗorawa. Sai da aka ƙara jikka goma sha biyar aka sayo wata mai wayar HDMI. Ran nan muka ga abin da aka biya. Ƙwallon Ingila ya fito har kana ƙirga ciyawa, kana ganin gumi a goshin ɗan wasa. Muka juya wasu tashoshin gida, sai ga mai labarai hazo-hazo, ya fi yadda yake a tsohuwar tele muni. Ba laifin ma'aikatansu ba ne. Kamara kuɗi ce, wuri a tauraron ɗan'adam kuɗi ne, hoto mai ɗigo da yawa kuwa ya fi cin wuri. Amma sakamakon a falonmu shi ne wannan: baƙo garau, ɗan gida dishi-dishi. Tsohuwar tele ba ta san wannan bambancin ba, kowa daidai take ba shi.

Hanyar aiko hoton ma ta sauya. A taron Janeba na 2006 aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin tsohon tsari a koma na lamba, abin da muke ji ana kira TNT. Yawancin ƙasashen Afirka ba su cika wa'adin ba, sannu a hankali ake tafiya. Da wannan sauyin rigimar SECAM da PAL ta mutu, don ƙasashen yankinmu tsari guda suka amince da shi. Tsaki ma ya mutu. A tsarin lamba ko hoto ya zo cikakke, ko ya daskare ya farfashe gida-gida, ko gilashi ya yi baƙi ya rubuta maka babu sigina. Babu sauran "komo baya kaɗan". Hadari na tasowa ana tsakar wasa, sai dai kowa ya kalli ɗan'uwansa.

Sai maganar nisa. A gilashi mai pus 43, in ka wuce kamar mita biyu idonka ya fara rasa ƙarin ɗigon da ka biya. Daga bakin tabarmar tsakar gida, HD da wanda ba HD ba kusan ɗaya ne. Abin an yi shi ne don ɗaki da kujera da mutum huɗu ko biyar. Tsohuwar telenmu kullum bayan isha'i ake fiddo ta tsakar gida, yaran maƙwabta su cika tabarma. Sabuwar an ɗaure ta da ƙusa a falo, ana tsoron ƙura, ana tsoron ƙwallon yara. Ba wanda ya kori kowa, amma yaran sun daina zuwa.

Kar in yi mata rashin adalci. Ba ta cin kuran kamar tsohuwar, ƙaramin panno da batir na riƙe ta, kuma duk wanda ya ga watannin duhu na bayan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san darajar wannan. Baba da idonsa ya yi rauni yanzu yana karanta rubutun ƙasan gilashi. Kokowar bana mun ga yashi na tashi daga ƙafar ƴan wasa.

Abin da baki ya yi da ita

Harshe na ajiye tarihi ko ba a sa shi ba. Ba wanda ya ce "baƙi da fari" sai da kala ta zo. Ba wanda ya ga doron tsohuwar tele sai da shafaffiya ta zo, yanzu kowa "mai doro" yake ce mata. Duk telen bango "falasma" ce a bakin mutane, ko da yake yawancin na kasuwa yau ba wannan fasahar ba ce. Baƙaƙen nan biyu na jikin kwali, mu nan "ash-de" muke karanta su, ƴan'uwanmu na Katsina su ce "ec-di". Iyakar da ta fita daga cikin waya ta dawo bisa harshe.

Alhali Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Muna da garau, muna da tar, muna da tangaran. A ɗaya gefen muna da dishi-dishi da hazo-hazo. Inna da ba ta taɓa shiga aji ba, da ta ga ƙwallo a sabuwar tele cewa ta yi, "Wagga ta hi ido gani." Ni da za a tambaye ni, "tele mai garau" ta isa.

Na shiga jerin harsunan da telenmu ke iya nuna umarninta da su. Akwai Faransanci, Ingilishi, Larabci, da waɗansu da ban ma iya karanta sunansu ba. Babu Hausa, harshen da kundin ƙasa na watan Maris 2025 ya kira harshen ƙasa. Na sa wani bidiyo a kile na rubuta sunansa "Ƙoƙarin ƴan kokowa". Da na soka, duk inda ƙ da ƴ suke sai ɗan akwati fanko. Telen da ke nuna gumin ɗan ƙwallo a Landan ba ta iya nuna ƙugiyar ƙ ba. Shekara sittin bayan ajin 1964, har yanzu mu ke koyon harshenta.

Komawa ga Inna

A cikin wannan jerin umarnin na gano rabin matsalarmu. Telen tana ɗaukar hoto mai huɗu da uku ta ja shi gefe da gefe don ya cika faɗinta. Duk wanda ke ciki sai ya yi faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Gaskiyar Inna ce, an ƙara wa mijinta ƙiba. Na gyara, baƙin shafi ya fito dama da hagu, kakana ya koma dogo. Fuskar ce ba ta gyaru ba. Kaset ɗin VHS tun asali bai riƙe ko abin da tasha ta watsa ba, ga shekara talatin na zafi da ƙura, ga babban gilashi da ke baje kowane aibi. Mai doro ƙarama ce, haskenta na narkar da layi cikin layi, sai ido ya cika sauran.

Muka sauke buhun gawayi, muka kakkaɓe mai doro muka kai ta ɗakin Inna. Sai da aka buge ta sau uku a ƙeya ta kama. Inna ta kalli mintinta, ta shafa addu'a, ba ta ce da kowa komai ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Kamfani na ƙarshe da ke ƙera manyeto ya daina tun 2016. Mai gyaranmu ya ce in kan namu ya mutu ba shi da wani, ko robar da ke juya shi sai ya ciro daga gawar wani. Kowane kallo kuma yana ƙara cin zaren. Na roƙi Inna kwana biyu kafin ta ba ni kaset ɗin, ta ce in ya ɓata kar in dawo gidan. Na kai wa wani mai ɗaukar bidiyon biki da ke da na'urar juyawa, jikka biyar. Awa uku na zauna kusa da shi ina sauraren ƙarar injin, gabana na faɗuwa kar ya tauna zare. Allah ya kiyaye. Na sa kofi ɗaya a kile, ɗaya a kwamfutar abokina a Yamai, na yanko mintin na sa a salulata.

Ƴan'uwa ɗalibai, wannan ne dalilin da ya sa na kawo wannan rubutu cikin ɗan littafinmu. A gidajenmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai kaset cikin kwalla da ƙarƙashin gado: bikin aure, saukar karatu, wasan samariya, waƙar da aka naɗo daga tele. Akwai Hausar da ba a yi yanzu a cikinsu, da fuskokin da ba su da wani hoto. In kun je hutu ku nemo su. Ku juya su tun akwai injin da ke karanta su. Kar ku bari a ja hoton don ya cika gilashi. Sannan ku zaunar da tsohuwar gidan ta faɗa muku wane ne wane, wace shekara, wane gari, ku rubuta, don hoton da ba a san mai shi ba tsaki ne ko da ya fita tar.

Da na dawo na miƙa wa Inna salula. A ɗan ƙaramin gilashin nan hoton ya matse, hazon ya ragu. Ta kai ta kusa da hanci, ta daɗe tana kallo.

"Ga shi nan," ta ce. "Ka ga tsawo? Ba irin naka ba."

Yanzu ba ta jiran sallar layya. In ina gida, ran Juma'a bayan an sauko masallaci sai in ji ta daga ɗaki: "Maigida, kawo min maigidan na gaske."